Dogon Hutu Ya Zo: Ina Za Mu Kai Yaranmu?

Yau ina so mu tattauna a kan dogon hutu, watau hutun nan da makarantu ke bayarwa daga wajen ƙarshen Yuli har zuwa Satumba, lokacin da damina ta yi tsaka.

Ga abin da ya tayar mini da maganar. Ni malama ce a wata makarantar firamare a cikin birnin Zariya, gidanmu kuwa yana Ƙofar Kibo. Bara da aka koma makaranta, na sa 'yan ajina su rubuta mini yadda suka yi hutunsu. Da dare na baje littattafan ina dubawa, sai jikina ya yi sanyi. Wannan yarinya ta ce tallan dafaffiyar gyaɗa ta yi. Waccan ta ce reno da wanke-wanke. Wata kuma layi biyu kaɗai ta rubuta, ta ce ba ta je ko'ina ba, ba ta kuma ga kome ba. Yara maza kuwa, in ba kallon talabijin da latsa wayar yayyensu ba, sai wanka a kududdufi. Washegari na tambayi ajin, wa ya taɓa zuwa gindin Dutsen Kufena? Hannuwan da suka tashi ba su cika biyar ba, kuma babu na mace ko ɗaya. Alhali kuwa dutsen nan yana yamma da mu, ba wata ƙasa ba ce.

To, 'yar'uwa, ki tsaya ki yi tunani. Mako shida ko fiye yaro yana gida. In ya koma makaranta a rame, ko da zazzaɓi, ko ya manta rabin abin da aka koya masa, laifin wa? Mu dai muka saba cewa hutu ya ɓata yara. Ni kuwa ina ganin ba hutu ne ya ɓata su ba, mu ne ba mu shirya wa hutun kome ba.

Bari mu fara da lafiya, don ita ce uwar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata kowane yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla awa ɗaya kullum yana motsa jiki sosai, irin motsin da zai sa numfashinsa ya ƙaru. A 2019 hukumar ta fitar da wani bincike da ya nuna kashi 81 cikin ɗari na yaran duniya masu shekara 11 zuwa 17 ba su samun haka, kuma abin ya fi muni ga 'yan mata, don su kashi 85 ne. Kada ki ce ai 'yarki tana yawo da tire tun safe, ta motsa jiki. Yawon talla gajiya ce, ba wasa ba ne. Yarinya tana tafe da kaya a ka, ruwa ya dake ta, rana ta dake ta, zuciyarta na kan cinikin da za ta kai gida, ga kuma 'yan iska da ke tare ta a lungu da tasha. Wasa shi ne wanda yaro zai yi gudu, ya yi tsalle, ya yi dariya da sa'o'insa, ya dawo ya ci abinci da marmari, ya yi barci mai nauyi.

Su kuma yara maza, da yake ba a tanadar musu wurin zuwa ba, sai su tanadar wa kansu. Kowa ya san kududdufan birni, waɗanda aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, yadda suke cika su batse a watan Agusta. Banda haɗarin nutsewa, a irin wannan ruwa mai kwanciya ake ɗaukar tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin wasu ƙananan dodon koɗi, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka ta shiga jiki, bayan wani lokaci sai a ga jini a fitsarin yaro. Har yanzu akwai masu cewa wannan alamar balaga ce. Wallahi ba haka ba ne, cuta ce, tana rage wa yaro jini da kuzari, in ta daɗe kuma tana lalata mafitsara. Akwai maganinta a asibiti, amma rigakafi ya fi magani. Kuma duka ba ya hana yaro zuwa kududdufi. Abin da ke hana shi, shi ne a ba shi wurin da ya fi kududdufin daɗi.

Wannan tunani ba yau aka fara shi ba. A 1876 wani malamin coci a ƙasar Siwizalan, mai suna Walter Bion, ya kwashi 'ya'yan talakawan birnin Zurik ya kai su ƙauye cikin duwatsu, don su sha iska su ci abinci mai kyau a lokacin hutu. Da aka ga yadda suka dawo da lafiya, sai wasu ƙasashen Turai suka kwaikwaya. A 1907 kuma Baden-Powell ya yi zango da yara maza wajen ashirin a wani ɗan tsibiri na Ingila, daga nan Sikawut ta samo asali. Ba a daɗe ba 'yan mata suka ce su ma ba za a bar su a baya ba, aka kafa musu Girl Guides a 1910, ta iso Nijeriya a 1919. A nan gida ma, Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1954, ta daɗe tana tara ɗalibai maza da mata a lokacin hutu don karatu da tarbiyya, abin da suke kira IVC. Ashe ke nan ba baƙon abu nake kawo muku ba.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce, "Malama, a wannan zamani wa zai saki ɗansa ya kwana a daji?" Gaskiyarki. Ba mu manta da ɗaliban da aka sace a Afaka a 2021 ba, da na Kwalejin Nuhu Bamalli a nan Zariya shi ma a 2021, da yaran Kuriga a 2024. Ni ma ba zan ba uwa shawarar ta tura 'yarta kwana a wurin da ba ta sani ba. Amma don hanya ɗaya ta toshe ba a fasa tafiya. Abin da nake nufi shi ne sansanin hutu na yini, a cikin unguwa, a gaban idon iyaye. Yara su taru da ƙarfe tara na safe, a sallame su da azahar, kowa ya ci abinci a gidansu, ya tafi Islamiyyarsa da la'asar. Mako ɗaya tak cikin dogon hutun nan. Shi ke nan.

Ga yadda nake ganin za a yi. Mata goma ko goma sha biyu na unguwa ɗaya su haɗa kai, kamar yadda muke haɗuwa don adashi ko ankon biki. Kowace ta fara shawartar maigidanta, sa'an nan a tura dattijuwa ɗaya da malami ɗaya su sanar da mai unguwa da liman. A roƙi hedimasta aron filin makaranta, tunda a rufe take. Inda hakan bai samu ba, ai akwai manyan gidaje masu faɗin tsakar gida, kuma wannan ya fi sauƙi ga matan da ba su fita. A nemi malamai biyu ko uku da ke hutu, da 'yan agaji, da wata ma'aikaciyar jinya in akwai ta a unguwar. A raba yaran, maza daban, mata daban, ƙanana daban.

Me za su yi? Ai ba sai mun sayo kome ba. Ina gaɗa? Ina carafke da 'yar gala-gala da tsallen igiya? Ina langa ga yara maza? Yawancin 'yan matan yanzu ba su san waƙar gaɗa ko ɗaya ba, don dandali ya mutu, ba mu kuma yi musu madadinsa ba. Kakanninsu na nan da rai, a gayyato su su koya musu, su yi musu tatsuniya da kacici-kacici. Rana ɗaya ma'aikaciyar jinya ta nuna musu wanke hannu da sabulu, da haɗa ruwan gishiri da sukari, da amfanin kwana cikin gidan sauro, ta kuma yi wa manyan 'yan matan bayanin tsabtar al'ada, abin da yawancinmu kunya ke hana mu gaya wa 'ya'yanmu. Wata rana a kira mai ɗinkin hannu, tunda Zariya ta yi suna a kansa, ta nuna musu riƙon allura. Abin taɓawa kuwa, kwaɗon zogale da gyaɗa da tsabtataccen ruwa sun isa.

Ranar Alhamis, da yake babu makarantar allo, ita ce ranar yawon buɗe ido. Mutane suna tasowa daga nesa don su ga Zazzau, mu kuwa da muke cikinta 'ya'yanmu ba su san ta ba. A fara daga nan Ƙofar Kibo, a nuna musu abin da ya saura na ganuwa, a gaya musu dalilin da ya sa aka gina ta, a lissafa musu sauran ƙofofi, su Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Kona, Ƙofar Bai, Ƙofar Galadima da Ƙofar Jatau. A ba su labarin Sarauniya Amina a gindin ganuwar, ba a kan allo ba. A bi da su ƙofar fada, a gaya musu yadda Malam Musa ya zo da tuta a farkon ƙarni na 19, da yadda zuriyar sarakunan da suka bar garin suka je suka kafa Abuja ta asali, wadda yau ake kira Suleja. A nuna musu Gidan Gaskiya, inda Alhaji Abubakar Imam ya yi aikin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. In an wuce asibitin Ƙofar Gayan, a gaya wa 'yan matan wace ce Hajiya Gambo Sawaba da aka sa wa asibitin sunanta, matar da ta sha ɗauri saboda neman 'yancin mata, ta rasu a 2001. Manyan yara kuwa, in an sami mota da rakiyar iyaye maza, aka kuma tabbatar da lafiyar hanya, a kai su Kufena da safe su dawo kafin azahar, ko a rubuta takarda a nemi izinin ziyartar Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, ko makarantar koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964. Yarinyar da ta ga mata sa'o'in yayarta rungume da littattafai a Samaru, ba sai an yi mata dogon wa'azi a kan karatu ba. Gani ya kori ji.

Kada kuma mu ce sai baɗi. Masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya yi kusan shekara ɗari biyu a tsaye, har aka yi kwaikwayonsa a gidan tarihi na Jos. A watan Agusta na 2023 wani sashensa ya rufta ana cikin sallar la'asar, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu. Yaron da ba a kai shi ya ɗaga kai ya kalli bakan gizon nan ba kafin ranar, ba zai sake ganinsa yadda yake a da ba. Ganuwa ma haka take zaizayewa kowace damina. Tsofaffin da suka san labarinta kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Saura magana mai nauyi, ita ce ta talla. Ban raina ta ba, don na san gidajen da in yarinya ba ta fita ba, tukunya ba ta hawa murhu, na kuma san da ribar tallan ake tara kayan ɗaki. Ban ce ki daina sana'arki ba. Safiya shida kawai nake roƙo a cikin mako shida. Ki auna ribar safiya shida da kuɗin magani in ta kwanta, ki kuma auna ta da abin da ba ya sayuwa in wani ya yaudare ta a hanya. A makon nan ana iya ajiye tiren a ƙofar gida, ko a sayar wa masu sari. Wanda kuma ya ce wasa bai kamaci 'ya mace ba, a tuna masa cikin ladabi cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha.

Ku kuma 'yan mata, kada ku zauna jiran a yi muku. Ki karanta wa innarki wannan shafi in ba ta iya boko ba. Ki gama aikin gida da wuri don kada a sami abin fakewa. Ki nemi ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika gani da wanda kika ji, ki tambayi kakarki yadda unguwarku ta samo sunanta. In an koma makaranta aka ce ki rubuta yadda kika yi hutu, ki cika shafi biyu.

Mu nan Ƙofar Kibo mun fara magana da maƙwabta, mata bakwai sun amsa, biyu na jiran izinin masu gida. Ban sani ba ko za mu kai goma kafin a ba da hutu, amma ko mu bakwai ne za mu fara, don da babu gara ba daɗi. Wadda ta gwada a unguwarsu, ta rubuto wa wannan fili ta gaya mana abin da ya yi daɗi da wanda ya ba ta wuya, mu ƙaru da juna.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba su lafiya da albarka. Sai mun sake saduwa.