A Bar Masoyan Labarina Su Ɗauki Alƙalami

A Batsari da Safana, da garuruwan da ke kewaye da su irin Ruma da Wagini da Runka, rashin tauraron ɗan'adam a gida bai hana kowa bin shiri mai dogon zango ba. Shagon cajin waya ne gidan talabijin ɗin unguwa. Janareto na ruri a bakin ƙofa, allon katako cike da soket, kowace waya an manna mata lamba da tef don kada a rikita, ga mai turi a gefe da kwamfuta a cinya. Yaro zai miƙo memori ya ce a sa masa sabon Labarina da Izzar So, in akwai fassarar Algaita a haɗa masa. Kafin la'asar abin ya bi ta Xender ya shiga wayoyi da yawa, kafin isha ya isa cikin gida wajen matan aure da 'yan mata. Washegari kuma sai musu ya kaure a majalisa da bakin famfo: wane bai kyauta ba, wance bai kamata ta yafe ba, marubucin ya yi zalunci da ya kashe wane. Can sai wani ya ce, "Wallahi da ni ne na rubuta, ba haka zan ƙare shi ba." Manya da yawa suna jin wannan magana su girgiza kai, su ce yaran yanzu sun lalace da shiririta. Ni kuwa ina ganin wannan jimla ce mafi amfani da ake furtawa a wajen, kuma abin da ya kamaci iyaye da malamai shi ne su miƙa wa mai faɗinta takarda su ce bismilla, rubuta mu gani.

A duba abin da masoyin shiri na haƙiƙa yake yi da ƙwaƙwalwarsa. Daɗin Kowa ya fara fita a tashar Arewa24 a 2015, Kwana Casa'in a 2019, Labarina na Aminu Saira a 2020. Wanda ya bi ɗaya daga cikinsu shekara da shekaru yana riƙe da sunayen mutane masu yawa, da dangantakarsu, da alkawarin da wani ya ɗauka zango biyu da suka wuce. Idan marubuci ya manta ya sa Kamaye na Daɗin Kowa ya yi abin da ba halinsa ba ne, ko ya sa Bawa Maikaɗa na Kwana Casa'in ya yi laushin da bai dace da shi ba, mai kallo ne zai fara kama shi. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina aka ba wata jarumar matsayin Sumayya, gardamar da masu kallo suka yi ba a kan kyau kaɗai ta tsaya ba. Sun yi ta ne a kan ko wannan Sumayyar ita ce waccan, a magana da haƙuri da fushi. Wannan fa shi ne nazarin taurari da jigo da zubi, abin da ake koyar da ɗalibi a ajin adabin Hausa yana hamma. Ga shi yara suna yin sa da kansu, da zafinsu, ba wanda ya sa su. Abin da ya rage taki ɗaya ne, daga baki zuwa rubutu: a ɗauki taurarin da aka sani a ɗora musu sabon labari, a cike giɓin da shirin ya bari, ko a sauya ƙarshen da bai gamsar ba.

Masu cewa wannan baƙuwar ɗabi'a ce da waya ta kawo sun manta da inda adabinmu ya taso. Gizo da Ƙoƙi ba su da mai su. Kowace kaka tana ɗaukar su ta saka su cikin sabuwar rigima, kuma ba a taɓa cewa ta yi sata ba. Rubutaccen ƙagaggen labari ma da ɗori ya fara, a nan ƙasar Katsina kuwa. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya shiga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, ya rubuta Ruwan Bagaja, wanda manazarta suka daɗe da nuna yadda ya ɗebo daga littattafan Larabci irin Muƙamatul Hariri. Magana Jari Ce kuwa cike yake da labaran da ya samo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Gabas, ya sa musu riga da hula har Bahaushe ya ɗauka a ƙofar gidansu aka yi su. Ba wanda ya rage wa Imam daraja saboda haka, domin gwanintarsa a wajen juyawar take. Marubutan soyayya na Kano da suka biyo baya, zamanin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, sun tashi ne cikin al'ummar da ta sha kallon fina-finan Indiya a silima, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan yadda wannan kallo ya shiga littattafai da fina-finanmu. Shi kansa Ɗan'azumi Baba, wanda yau yara suka sani da Kamaye, marubucin littattafai ne tun kafin ya zama fuskar talabijin. A waje ma haka abin yake: Arthur Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes a 1893, masu karatu a Ingila suka ƙi yarda, bayan shekaru ya dawo da shi, masoyan Star Trek a Amurka kuma tun 1967 suke buga mujallun kansu da labaran da suka ɗora a kan shirin.

Amma dalilin da ya sa na ɗauko Batsari da Safana ya wuce tarihin adabi. Yawancin shirye-shiryen nan a Kano ake shirya su, kuma duniyar da suke nunawa ta birni ce: gidajen bene, ofisoshin kamfani, rikicin gado, siyasar gidan gwamnati a ƙagaggiyar jihar Alfawa ta Kwana Casa'in. Ko Daɗin Kowa, da ya fi kusa da talaka, gari ne da ake kwana a gida a tashi a gida. Mutumin da ke bakin dajin Rugu yana kallon duk wannan, amma da wuya ya ga kansa. Inda yake fitowa shi ne labaran rediyo, a matsayin adadi. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. Duniya ta ji lambar, ta wuce. Ba ta ji yadda ake yanke shawarar wace gona za a noma bana wace za a bar wa dawa ba, ko yadda ake ɗaura aure da hantsi a watse kafin azahar, ko abin da matar da ta baro ƙauyensu take ji idan tana raɓe a gidan dangi a cikin gari, tana auna kowace loma. Marubucin da ke zaune a Kano, komai kyakkyawar niyyarsa, ji yake yi. Yarinyar da ke Runka gani take yi. Kuma hanya mafi sauƙi da za ta koyi gina labari ita ce ta fara da taurarin da aka riga aka gina mata: ta ɗauko Adama ta Daɗin Kowa ta ajiye ta a ƙauyen da aka tasa, ta ga me za ta ce wa Kamaye a daren. Kamar mai koyon ɗinki ne, da gyaran tsohuwar riga yake farawa kafin a ba shi yadi ya yanka. Cewa wannan hanya tana kaiwa wani wuri ba mafarki ba ne. Da BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata a 2016, wadda ta fara lashe ta 'yar jihar Katsina ce, Aisha Muhammad Sabitu, da labarin Sansani, a kan rayuwar waɗanda rikici ya raba da gidajensu.

Akwai masu suka, kuma ba duka sukarsu ce ta banza ba. Ta farko ita ce ta tarbiyya da lokaci. Gaskiya ne akwai yaron da zai kwana yana kallo ya makara sallar asuba da makaranta, akwai kuɗin data da na caji da ke fita daga aljihun da ba shi da nauyi, kuma duk wanda ya leƙa littattafan da ke yawo a WhatsApp da Wattpad ya san cikinsu akwai na batsa tsagwaronta, waɗanda ake tallatawa da batsar don a saya. Ba na kare waɗannan. Tambayar ita ce me ke maganinsu. An gwada hani. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan soyayya a Kano. Rubutun bai mutu ba, daga baya ma ya ƙaura waya, inda ba ashanar da za ta kai gare shi. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, a kan batun miƙa su a tace kafin fitarwa. Wannan magana ce tsakaninta da masu shiryawa, ba ta goge abin da ke cikin memorin kowa ba. Hatta a watan Satumban 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Batsari da Safana, saboda tsaro, abin da aka iya tsayarwa shi ne kira da intanet. Fim ɗin da ke kan memori ba ya neman sabis. Abin da ba a iya toshewa, gara a shiga cikinsa. Yaron da malaminsa ko yayarsa ke karanta abin da ya rubuta ba zai rubuta batsa ba. Wanda aka kora ya ɓoye shi ne ke faɗawa hannun masu sayar da ita.

Suka ta biyu ta masu sana'ar ce, kuma ta fi nauyi: taurarin nan da guminmu muka gina su, wa ya ba wani izinin taɓa su? A nan ya kamata a raba abu biyu da ake cakuɗawa. Abin da ke cutar da furodusa shi ne turi. Satar fasaha na cikin abubuwan da suka karya kasuwar faifai har masu shirya fim suka koma YouTube, inda yawan masu kallo ne ke kawo kuɗi; shirin da aka sauke sau ɗaya aka raba wa unguwa guda, kallo ɗaya aka ƙirga masa. Masoyin da ke Batsari, ko ya sani ko bai sani ba, akwai bashin da Lawan Ahmad mai Izzar So da Aminu Saira ke bin sa, kuma in yana da sabis da hali, ya kalla a tashar masu shirin shi ne adalci. Amma shafi biyar da ɗaliba ta rubuta a littafin makaranta a kan abin da ya faru da Sumayya bayan an rufe kyamara bai rage wa kowa sisi ba. Sai ma ya sa ƙawayenta su koma su sake kallon zangon don su yi mata gardama. Iyakar a fili take: a faɗi sunan mai asalin labarin, kuma kada a sayar. Ranar da mai ɗori ya fara cewa a turo kuɗi ta asusu kafin a karanta, ya shiga hurumin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, kuma ya kamata ya ƙirƙiri taurarinsa. Yawanci ma wanda ya kai wannan matsayi ya riga ya gaji da na aro.

Suka ta uku ba a cika faɗinta da ƙarfi ba, amma tana nan: mutanen da ke binne 'yan'uwansu, ina su ina zancen wa zai auri wa a fim? Mai wannan magana yana ɗauka baƙin ciki sana'a ce da ake yi dare da rana. Wanda ya kwana yana sauraron ƙarar babur daga nesa yana da haƙƙin ya yi dariyar rowar Alhaji Badamasi da 'ya'yansa a shirin barkwanci na rabin awa, kuma ba wanda ke zaune lafiya a birni da ya isa ya ƙayyade masa yadda zai huta.

Aikin da nake nema ba ya buƙatar kwangila. Malamin Hausa a sakandaren Safana ko Batsari, maimakon ya sake ba da insha'i a kan ranar kasuwa karo na ba adadi, ya ce kowa ya ɗauki tauraro ɗaya daga shirin da yake so ya kawo shi garinsu na kwana guda, shafi biyu. A nan zai sami abin gyara na gaske, domin rubutun waya ya lalata wa yara ƙa'ida: ba a sa wa haruffa lanƙwasa, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana cusa Turanci inda Hausa ke da kalma. Ɗalibi ya fi karɓar jan biro a kan labarin da yake ƙauna. Dutsin-Ma na maƙwabtaka da Safana, kuma tana da Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Ɗaliban Hausa da ake turawa koyon koyarwa za su iya tattara mafi kyawun rubutun kowane zango. Reshen Katsina na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya zai iya duba su, gidan rediyon jiha kuma ya ware kwata ɗaya a mako a karanta guda, tunda rediyo na isa inda sabis ba ya kaiwa. Masu shirya fim ɗin ma, in suna da wayo, su za su fara neman a turo musu, domin a cikin waɗannan shafuka ne za su ga abin da masu kallonsu na yammacin Katsina suke jira a nuna.