Jeune Afrique: Mujallar da Maƙwabta ke Karantawa

Mutumin Kunduru zai isa Maraɗi kafin ya ci rabin hanyar Abuja, amma da wuya a sami ɗan bokon yankinmu da ya taɓa buɗe mujallar da ta haura shekara 60 tana sassaƙa tunanin ’yan bokon Nijar, wato Jeune Afrique.

Bashir Ben Yahmed, tsohon ministan yaɗa labarai na Habib Bourguiba, shi ya kafa ta a Tunis a 1960 da sunan Afrique Action, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1961. Saɓani da hukuma ya sa ta yi ƙaura zuwa Rum, daga bisani ta yada zango a Paris. Abin lura, mujallar da ta tashi da goyon bayan ’yancin Aljeriya, a gidan ɗan mulkin mallaka ta sami mafaka.

Ƙarfinta ya zo ne daga raunin wasu. A zamanin jam’iyya ɗaya da mulkin soja, lokacin da jaridar gwamnati ba ta wuce labarin tafiye-tafiyen shugaba, ɗalibi da ma’aikaci a Yamai ko Bamako ita suke jira kowane mako su ji abin da ake ƙullawa a fadar ƙasarsu. Shugabanni na tsoronta, suna kuma zawarcinta, kuma daga nan zargin da ya daɗe yana bin ta ya samo asali: cewa shafukan talla da gwamnatoci ke saye suna tausasa alƙalaminta. A ganina zargin ba na banza ba ne, ko da yake mai kuɗi bai taɓa mallake ta ɗungurungum ba. Ben Yahmed ya rasu a 2021, sojojin Burkina Faso kuma suka dakatar da ita a Satumbar 2023.

Mu a nan West Africa ta Landan, wadda aka kafa a 1917, ita iyayenmu suka karanta. Bahaushen Katsina ya kalli Afirka da tabaran Ingila, ɗan’uwansa na Maraɗi da na Faransa. An ga illar haka a 2023, da aka rufe iyakar Jibiya bayan juyin mulkin Nijar: yawancin masharhantanmu sai da suka jira fassarar Ingilishi kafin su san muhawarar da ake yi a Yamai, alhali a jami’o’inmu akwai malaman Faransanci da za su iya juya ta kai tsaye zuwa Hausa.