KAKAN ƘADANGARE DA ƊAN MAI TIREDA

Jama'a, makon jiya wani ɗan'uwanmu mai tireda ya zo ofis biyan kuɗin katinsa, yana riƙe da hannun ɗansa ɗan shekara 9. Da ya gama biya bai tashi ba. Ya ce, "Malam, ku da kuka yi boko ku yi wa yaron nan faɗa, ni na gaji." Muka ce me ya yi? Ya ce tun ranar da aka saya masa wani dodon roba a wurin 'yan koli, yaron ba shi da magana sai ta dodon nan. Duk kwalin sabulun da aka kwashe kayansa sai ya zane shi da dodanni masu dogon wuya. Da dare ya ari wayar yayansa yana kallonsu, yana karanta sunayensu da ƙyar, harafi bayan harafi. A makaranta kuwa malami ya ce ba ya gane kome.

Dodon nan shi ne Turawa suke kira dainaso, mu kuma muke cewa kakan ƙadangare. Muka juya muka tambayi yaron wanne ya fi so a cikinsu. Ya ce Nigersaurus, domin na ƙasar Nijar ne, kuma haƙoransa sun fi 500. To, sai kunya ta kama mu. Mun yi shekaru a benci muna haddace sunayen kogunan ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba, amma ba mu san an tono irin wannan dabba a maƙwabtanmu ba. Muka je muka bincika, muka tarar yaron bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Ga abin da muka samu, don ku ma ku ƙaru. A cikin hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas, akwai wani wuri da ake kira Gadufawa, inda ƙasusuwan dabbobin nan suke kwance a fili, iska ta kware musu rairayi. Faransawa masu neman yuraniyam ne suka kai labarinsa ƙasarsu, sa'an nan wani masani, Philippe Taquet, ya je a 1965 ya fara tono. A 1976 ya raɗa wa ɗaya suna Ouranosaurus. Bayansa wani Ba'amurke, Paul Sereno, ya zo da ayarinsa daga Shikago. A 1997 suka tono wani ƙato kusa da Ingal, tsawonsa wajen mita 20, suka sa masa suna Jobaria, daga Jobar, wani dodo na tatsuniyoyin Buzaye. Shi kuwa Nigersaurus an ba shi sunansa a 1999. Tsawonsa mita 9, bakinsa mai faɗi ne kamar shebur, yana kiwo kansa a ƙasa, kuma masana sun ce haƙori ba ya wuce mako 2 sai wani ya maye gurbinsa. Ya rayu shekaru wajen miliyan 110 da suka wuce, sa'ad da hamadar nan take ƙasar koguna da dausayi.

Kada mutanen Nijeriya su ce wannan labarin Nijar ne kaɗai. A ƙasar Sakkwato an tono ƙasusuwan wata dabbar teku, a 1972 aka sa mata suna Goronyosaurus, watau daga sunan Goronyo. Ita ba dainaso ba ce, amma zamaninsu ɗaya, kuma ita ce shaidar teku ya taɓa kwanciya inda ake noman gero yau.

Yanzu ku sake duba sunayen da muka jera. Ƙasa tamu, ƙashi namu, har sunan gari namu. Amma wa ya tono, wa ya auna, wa ya raɗa suna? Mutanen Turai da mutumin Shikago. Ba mu zarge su ba, sun sha rana sun yi aikinsu. Abin tambaya shi ne, ina namu 'ya'yan? Amsarmu ita ce suna nan a gindin tireda suna zanen kwali, mu kuma muna ƙwace fensirin muna cewa shirme ne.

Mun san abin da uban yaron nan zai ce, kuma ba mu raina maganarsa ba. Zai ce, "Dodo zai ba shi tuwo ne? Dodo zai fito a jarrabawa?" Lalle talaka ba shi da rarar da zai yi wasa da ita, kuma wanda ya ci bashi ya biya kuɗin makaranta yana da hakkin ya ga sakamako. Amma ya dubi abin da yaron ya riga ya yi ba da bulala ba. Ya koyi haɗa baƙaƙen kalma mai harafi 11, shi da aka ce ba ya iya karatu. Ya san miliyan ta fi dubu, domin yana so ya san daɗewar dabbar. Ya nemi Agadas a taswira da kansa. Ashe karatu da lissafi da labarin ƙasa ne suka shigo ta taga, bayan an yi shekara 3 ana tura su ta ƙofa sun ƙi shiga. Malamin da ya ce ba ya gane kome ba mugu ba ne. Aji ya cika ya batse, ga manhaja tana kora shi, ina ya ga lokacin tambayar kowane yaro abin da yake so?

Akwai labarin da ya kamata kowace mai talla ta ji. A Ingila, a wani garin bakin teku mai suna Lyme Regis, an haifi wata yarinya, Mary Anning, a 1799. Ubanta kafinta ne, talaka, yana tsintar katantanwar da ta zama dutse yana sayar wa baƙi don ya ƙara da abin cefane. Ya mutu a 1810 ya bar su da bashi. Yarinyar ba ta yi wata makarantar kirki ba, sai 'yar karatu da rubutu da ta koya a coci. A 1811 yayanta ya tsinci kan wata dabbar teku ta zamanin dā a jikin gaɓa, ita kuma ta bi ta tono sauran jikin tana 'yar shekara 12 zuwa 13. Daga nan ba ta daina ba. Takan ari takardun masana ta kwafe su da hannu har da zanen, takan feɗe kifi don ta gane yadda ƙashi yake zama. A 1823 ta tono wata dabbar mai dogon wuya cikakkiya, wadda ba a taɓa samun irinta cikakkiya ba. Manyan malamai suka riƙa zuwa shagonta suna saye, suna tambayarta, su koma su rubuta littafi, sau da yawa ba su ko ambaci sunanta ba. Ƙungiyarsu ta Landan ba ta karɓi mata a matsayin mambobi ba sai 1919, ita kuwa ta rasu tun 1847. Mun san wannan hali, ba sai an fassara wa talaka shi ba. Sai a 2022 aka kafa mata mutum-mutumi a garinsu, kuma wata 'yar makaranta ce ta tayar da maganar.

Ba mu ce kowane yaro mai zanen kwali zai zama Mary Anning ba. Da yawa za su yi shekara 2 ko 3 suna wannan marmari, su bar shi su koma ƙwallo ko gyaran rediyo. Ba asara. Wanda ya taɓa bin tambaya ɗaya har ya ga ƙarshenta ya san hanya, gobe zai bi ta a kan injin markaɗe ko ciwon akuya. Ɗan mai hali ana saya masa littattafai, ana kai shi gidan tarihi a ƙasar waje, ana ce masa mai basira. Ɗan talaka ya yi tambayar nan ita ɗaya, a ce masa mai surutu. Ba kwanya ce ta raba su ba.

Kuma abin ba ya cin kuɗi kamar yadda ake zato. Masana sun tabbatar tsuntsaye daga zuriyar dainaso suka fito, su ne suka tsira sa'ad da wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a ƙasar Meziko shekaru miliyan 66 da suka wuce, sauran suka ƙare. Watau sunan da muke kiransu da shi ma bai dace sosai ba, kakan kaza ya fi kusa da gaskiya. To, ga kaji nan a akurki. A bar yaro ya dubi ƙafar kaza, yatsu 3 a gaba, ya gwada da hoton sawun da ya gani a waya. A tura shi wurin mahauci ya ga yadda ƙashin baya yake harhaɗe, mahautanmu sun san ƙashi fiye da akawu. Wanda fatauci ya kai shi Yamai ya tafi da yaronsa Gidan Tarihi na Bubu Hama, akwai ƙasusuwan dodannin nan an tsayar da su. Gani ya kori ji. In kuwa ya yi tambayar da ta fi ƙarfinka, kada kunya ta sa ka daka masa tsawa, ka ce masa zo mu je mu tambayo.

Mu dai ba mu yi wa yaron faɗan da aka roƙe mu ba. Mun ba shi tsofaffin takardun sanarwa waɗanda bayansu fari ne, ya huta da kwalin sabulu. Uban ya tafi yana girgiza kai, bai gamsu duka ba, amma ya yarda ba zai sake ƙwace fensirin ba. Da za su fita muka ce wa yaron mun ji a Gadufawa an tono wani ƙaton kada, shi ma ai dainaso ne. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "A'a, Baba, Sarcosuchus dangin kada ne, ba dainaso ba ne." Mun duba. Shi ne da gaskiya.