Yini Guda a Birnin Gwari: Wa Zai Yi Jagora, Wa Zai Ɗauki Kasadar?

Tsakanin Kaduna da Birnin Gwari kimanin kilomita 120 ne. A lissafin mai shirya tafiye-tafiye wannan tafiyar yini guda ce: a yi shatar mota, a tashi bayan sallar asuba, a bi ta Buruku da Udawa, a isa da hantsi, a gaida fada, a zaga kasuwa, a juyo kafin la'asar ta yi sanyi. Irin tafiyar da ma'aikacin banki ko likita ɗan Arewa kan biya daloli ya yi a Turkiyya ko Masar, da ɗan jagora nasa na kansa, ya dawo yana ba da labari. Shekaru sama da goma babu wanda ya isa ya kawo wannan magana game da Birnin Gwari ba a ɗauke shi mai taɓin hankali ba. Tun daga ƙarshen Nuwamba 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je garin ya karɓi wasu jagororin 'yan bindiga da suka ce sun ajiye makamai, aka kuma sake buɗe karar shanu da ta daɗe a rufe, maganar ta fita daga sahun hauka ta shiga sahun abin da ake iya muhawara a kai. Amsar da ta fi dacewa ita ce a je, amma a je gari ba daji ba, kuma a je ta hannun mutanen garin, bisa sharuɗɗansu.

Kafin a kai ga sharuɗɗan, akwai tambayar da mai kuɗin shatar zai fara yi: me ake gani a can?

Wanda ya san Birnin Gwari ta kanun labarai kawai zai yi mamakin jin cewa gari ne da matafiya suka sani tun kafin a kafa Kaduna. A ƙasar Hausa ba a kiran gari birni sai ya yi ganuwa, ya yi sarki, ya zama mafakar ƙauyukan da ke kewaye da shi. Birnin Gwari ta zauna a kan hanyar fatake da ta haɗa Kano da Zariya da ƙasar Nufe, ta nan kuma ake miƙawa yamma. A tsakiyar 1826 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya ratsa garin a tafiyarsa ta biyu, yana kan hanyar Zariya da Kano bayan ya ƙetare Kwara kusa da Busa, ya kuma ambace shi a littafin tafiyarsa. A ƙarshen ƙarnin nan na 19 hare-haren Kwantagora sun ɗaiɗaita ƙasar Gwari. Tsohuwar Birnin Gwari tana nan ta wajen hanyar Funtuwa, sabon garin kuwa shi ne mazaunin masarauta a yau, ƙarƙashin Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II. Ƙasa ce da Gwari da Kamuku da Hausawa da Fulani suka cuɗanya, ƙasar masara da zinariya. Duk wannan ba a rubuce yake a jikin allo a bakin wani gini ba. Yana bakin dattawa da masu riƙe da sarautu da makaɗan fada. Shi ya sa a irin wannan gari ɗan jagora ba ƙarin ado ba ne. In babu shi, baƙo zai ga tasha da shagunan kwano da layin tireloli, ya koma gida yana cewa babu komai.

Sai daji. Gandun Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa a 1999, ya kai faɗin murabba'in kilomita 1,121, yana iyaka da dajin Kuyambana na Zamfara. A cikinsa akwai magangarar ruwa ta Dogon Ruwa, da Goron Dutse, da Tsaunin Rema wanda ya samo sunansa daga remayen da ke zaune a tsakanin duwatsunsa. An lissafa nau'o'in tsuntsaye fiye da 170 a wurin, kuma a da giwaye na ratsa shi. A takarda wannan ne zai fi jan hankalin mai yawon buɗe ido. A zahiri kuwa, girman dajin da haɗewarsa da dazuzzukan Zamfara da Neja da Katsina su ne suka mai da shi maɓoyar masu satar shanu, daga baya masu garkuwa da mutane, har da 'yan Ansaru da suka yi sansani a gabashin ƙaramar hukumar. Babu yarjejeniyar da aka ƙulla a cikin gari da za ta iya lamunce wa baƙo abin da ke bayan kowane dutse a can. Duk mai shirya tafiya da ya sa Dogon Ruwa a jerin wuraren da zai kai mutane a halin yanzu, ko dai bai san wurin ba, ko kuma ya sani ya zaɓi kuɗi.

Masu cewa kada a je ko garin ma suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. A Oktoba 2012 an kashe masallata a Dogon Dawa. A Mayu 2018 an kashe mutane da dama a Gwaska cikin yini ɗaya. A 2021 sai da gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a yankin, ta hana hawa babur, ta rufe kasuwannin mako. A ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe ɗaliban makaranta a Kuriga, garin da ke kan wannan hanya ta Kaduna a ƙaramar hukumar Chikun. Bayan fiye da mako biyu aka sako 137. An yi shekarun da direbobi ke jiran rakiyar sojoji kafin su kama hanya, manoma kuma na biyan haraji ga 'yan bindiga kafin su girbe abin da suka shuka. Sulhu ma ba sabon abu ba ne a Arewa maso Yamma: an yi a Katsina zamanin Masari, an yi a Zamfara zamanin Matawalle a 2019, duka suka wargaje. Kuma Kaduna ta riga ta ga abin da kan faru idan yawon shaƙatawa ya haɗu da bindiga. A Afrilu 2019 an kai hari gidan shaƙatawa na Kajuru Castle, aka kashe mutum biyu, 'yar Ingila ma'aikaciyar agaji da ɗan Nijeriya. Wanda ya tuna waɗannan ya ce a dakata, ba matsoraci ba ne.

Sai dai hujjar tana da rami a tsakiyarta. Hanyar da ake cewa ba ta bin mai hankali, kullum mutane ne a kanta. Malaman makaranta na bi, ma'aikatan jinya na bi, masu sayen masara da dillalan shanu na bi, mata masu zuwa biki da ta'aziyya na bi. Idan aka ce hanya ta yi kyau ga mai goyo a motar haya amma ba ta yi kyau ga mai albashi a mota mai sanyi ba, to ba maganar tsaro ake yi ba, maganar wanda ransa ya fi tsada ake yi. Kuma ƙauracewar masu ilimi tana da nata sakamako. Garin da lauya da ɗan jarida da malamin jami'a suka daina takawa, labarinsa kan koma hannun mutum biyu: gwamnati mai cewa komai ya daidaita, da mai yaɗa bidiyon gawa a WhatsApp. Gani ya kori ji. Sulhun da babu idon waje a kansa ya fi saurin lalacewa a ɓoye.

A nan ne maganar ɗan jagora ke zama zuciyar batun, kuma fataken dā sun fi masu shirya tafiye-tafiyen yau fahimtarta. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu, wanda ke ɗauke da amanar tafiyar baki ɗaya, yana kuma da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da zango. Madugu ba hanya kawai ya sani ba. Ya san sarkin kowane zango, ya san nawa ake biya a kowace mashiga, ya san ranar da ba a tafiya. Mafi girma, yana da ikon cewa yau ba za a tashi ba, babu kuma falken da zai ce ai na biya. A tafiyar shata ta zamani an juya wannan tsari: baƙo ne mai kuɗi, ɗan jagora ɗan aiki ne, kuma ɗan aiki ba ya son ɓata wa mai gida rai. A Istanbul wannan ba ya kashe kowa. A hanyar Birnin Gwari, jagoran da ba zai iya soke tafiya da ƙarfe biyar na asuba ba saboda wani abu da ya ji daga ɗan'uwansa a Udawa, ba jagora ba ne, direba ne. Don haka sharaɗi na farko shi ne a biya shi ladansa ko an je ko ba a je ba. In ba haka ba, an sa shi zaɓi tsakanin abincin iyalinsa da ran baƙonsa.

Akwai kuma abin da baƙi ba su cika tunani a kai ba. Baƙo raɓa ne; da la'asar ya kama hanyar Kaduna. Ɗan jagora a garin zai kwana. A wurin da aka yi shekaru ana zargin juna da kai rahoto, ko ga sojoji ko ga daji, saurayin da aka gani yana zagayawa da baƙi masu ɗaukar hoto ya ɗauki wani nauyi da ba a sa shi cikin farashi ba. Hoton da aka ɗora a Facebook da fuskar wani dillali a kara, ko bidiyon da aka tambayi wani manomi ko har yanzu yana biyan haraji, na iya zama abin sha'awa na kwana biyu a Abuja, ya zama bala'i na shekara a ƙauye. Mutanen da suka binne 'yan'uwansu ba kayan kallo ba ne, kuma tambayar da ta fi saurin zuwa bakin baƙo, wato a ba shi labarin abin da ya faru, ita ce ta fi cancanta ya haɗiye sai in an fara masa. Shi ya sa bin ta fada ba tsohon yayi ba ne. Baƙon da aka san da zuwansa, aka kai shi ya yi gaisuwa, aka haɗa shi da wanda masarauta ta sani, ya shiga ƙarƙashin inuwar da ta rufe shi ta kuma rufe jagoransa. Da ɗan gari akan ci gari, amma ɗan garin ma yana bukatar wanda zai tsaya masa.

Wasu za su ce a nemi rakiyar jami'an tsaro kawai, magana ta ƙare. Rakiya na da amfaninta, sai dai motar sojoji a gaba da baya tana sanar da kowa cewa ga mai tsada nan tafe, kuma tana janye jami'ai daga inda talakawa ke bukatarsu don wani ya ɗauki hoto. Mutum uku ko huɗu a mota marar ado, da rana tsaka, a ranar da hanya ke cike, sun fi kama da abin da garin zai iya ɗauka.

An taɓa ganin irin wannan a wani wuri. A Kolombiya akwai kufan wani tsohon birni a tsaunukan Sierra Nevada de Santa Marta da ake kira Ciudad Perdida. A Satumba 2003 'yan tawayen ELN suka sace baƙi takwas a can. Bayan 'yan shekaru tafiyar ta dawo, kuma a yau ba a zuwa sai ta hannun kamfanoni masu lasisi, da jagorori daga manoman yankin da ƙabilun asali na tsaunin. Abin lura shi ne kuɗin baƙo ya zama abincin mutanen da ke kan hanyar, saboda haka lafiyar baƙo ta zama maslaharsu. Kishiyar wannan ita ce Tumbuktu, inda sace Turawa a Nuwamba 2011 da mamayar 2012 suka kashe sana'ar jagoranci, aka bar samarin da suka iya harsuna uku ko huɗu babu abin yi. Birnin Gwari ba ta kai ko ɗaya daga cikin biyun suna ba, kuma babu dalilin yaudarar kai cewa Turawa za su yi layi. Masu zuwa na farko, in za a samu, 'yan Kaduna ne da Zariya da Kano, da 'ya'yan garin da suka girma a waje ba su taɓa ganin kushewar kakanninsu ba.

Abin da ya rage aiki ne marar ƙyalli wanda masarauta da ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, za su iya farawa ba tare da jiran Abuja ba: a zaɓi samari kaɗan, a zaunar da su gaban dattawan da suka san jerin sarakuna da tarihin ƙaura daga tsohon gari, a naɗi muryoyin dattawan tun suna raye, a tsayar da lada sananne, a kuma ayyana inda ake kai baƙo da inda ba a kai shi. Tsohuwar Birnin Gwari ta shiga jerin ne kawai a ranar da mutanen cikinta suka ce a zo. Kamuku kuwa ta jira sai ma'aikatan gandun da kansu sun koma kwana a sansanoninsu na cikin daji, damina da rani, ba tare da rakiya ba.