Wane Ne "Ƙarami" A Rabon Kwangilar Amurka?

A ƙasar Amurka akwai wata hukuma mai suna SBA, wadda aka kafa a 1953 don ta tsaya wa ƙananan 'yan kasuwa. Dokar ƙasar ta ɗora wa gwamnatin tarayya burin miƙa kashi 23 cikin ɗari na kuɗin kwangilolinta ga ƙananan kamfanoni, har akan keɓe wasu ayyukan a ce babba kada ya sa hannu. A ido abin gwanin sha'awa. To amma 'yan uwa, wane ne ƙaramin? Hukumar ce ke shata iyaka, kuma a nan gizo ke saƙar.

A dubi masu zanen gine-gine. Kafin 2012, kamfanin da kuɗin shigarsa bai wuce dala miliyan 4.5 a shekara ba shi ne ƙarami. Kwatsam a 2011 sai hukumar ta kawo shawarar a ɗaga iyakar zuwa miliyan 19, a haɗa su da injiniyoyi a mudu ɗaya. Alhali kuwa mafi yawan ofisoshin zane a can ma'aikatansu ba su kai goma ba! Ta yaya mai ma'aikata biyar zai kara da mai cinikin miliyan 18, sannan a ce wai dukkansu raunana ne? Wani ƙarin tashin hankalin shi ne, tun 1972 doka ta ce a aikin zane na gwamnati ƙwarewa da tarihin ayyuka ake fara dubawa, ba arha ba. Ke nan mai tarin ayyuka a baya shi zai kwashe rabon, ƙaramin gaskiya ya tashi a tutar babu.

Ƙungiyar masu zanen, AIA, ta ce ba ta yarda ba, 'ya'yanta suka yi ta aika ƙorafi. A 2012 hukumar ta ja da baya, ta tsaya a miliyan 7, ta ba injiniyoyi 14. Sai dai abin da aka kasa yi da tsalle an yi ta yinsa da rarrafe, domin zuwa ƙarshen 2022 iyakar ta kai miliyan 12.5.

Ba a ce masu son ɗagawar ba su da hujja ba. Darajar kuɗi na faɗuwa, kuma wanda ya ƙetare iyakar da taku ɗaya ya faɗa cikin manyan kifaye. Amma ainihin cutar tana wajen awo. Mai zane shi ke karɓar kuɗin aiki gaba ɗaya, ya biya injiniyan lantarki, na ruwa da na ƙarfin gini. Kuɗin nan ratsawa kawai suka yi ta hannunsa, duk da haka ƙa'idar hukumar ta hana a cire su daga lissafi. Sai ga mutum an kore shi daga sahun ƙanana saboda kuɗin da ko kwana ba su yi a asusunsa ba. Wannan ƙa'idar ce ta cancanci gyara tun 2011, ba iyakar ba.