A Bar Mu Mu Karanta Waƙoƙin Koke A Aji

A hutun da ya wuce ina zaune a zaure a gidanmu na Gwadangaji ina duba waƙoƙin Malam Sa'adu Zungur, sai kakana ya tambaye ni abin da nake karantawa. Da na faɗa masa sai ya girgiza kai, ya ce ashe yanzu har waƙar 'yan NEPU ake koya wa yara a makaranta. A ganinsa, yaron da ya saba jin ana yi wa manya gyara ba zai daɗe ba shi ma zai ɗaga wa malaminsa murya. Na san iyaye da yawa haka suke gani, kuma ba don ƙiyayya ba ne. Amma ni, da ladabi, ina ganin ba haka abin yake ba.

Mu fara daga gida. Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ba mai shakkar iliminsa ko tsoron Allahnsa, a 1807 ya bar rundunar jihadi ya nufi Kano da niyyar wucewa Makka, saboda ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukatan jama'a. Ya zuba wannan koke cikin waƙa da Larabci, kuma tana nan cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. To, in har faɗin gaskiya cikin waƙa rashin kunya ne, me za mu ce da shi? Haka kuma Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda aka haifa a Jega a 1918, ya yi wa NEPU waƙoƙi bayan an kafa ta a Kano a 1950, ga shi yau ba mai nazarin Hausa da zai tsallake Fasaha Aƙiliya. Shi kansa Sa'adu Zungur, a cikin Arewa Jumhuriya Ko Mulukiya, gargaɗi ya yi wa sarakuna su gyara, su rungumi ilimi da adalci tun kafin zamani ya ture su. Wanda ya karanta ta daga farko har ƙarshe ba zai fito da jifa a hannu ba.

Ai ma ɗaliban da ke farfasa tagogi in abinci ya ɓaci, galibi ba masu karatun waƙa ba ne. Yaro ne da abu ya cika masa ciki, ba a kuwa taɓa nuna masa yadda ake tsara koke a kawo hujja ba. Mawaƙi dole ya auna kowace kalma, ya kula da amsa-amo, ya san wanda yake yi da shi da abin da yake nema. Wannan horo ne babba.

Sai maganar labaran da aka gina bisa tarihi. Kowa a ajinmu ya haddace cewa Turawa sun ci Sakkwato a 1903, amma da an gama jarrabawa shi ke nan, an manta. Ranar da muka karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda aka sace yaro aka ƙetare hamada da shi, mahaifiyarsa ta bi sawunsa ita ma aka bautar da ita, ajin tsit ya yi. Ran nan muka gane mene ne cinikin bayi. Ganɗoki na Bello Kagara, wanda shi ma ya fito daga gasar da aka yi a Zariya a 1933, ya nuna mana zuwan Turawa ta idon wanda ya yaƙe su a Kwantagora. Gaskiya ne daga baya ya lula ƙasar aljannu, amma nan ne aikin malami yake: ya sa mu tsame tarihi daga ƙirƙira da kanmu.

Abin da ya fi wuya shi ne tarihinmu na nan. A benci ɗaya za ka ga jikan mutanen Gwandu da jikan Kabawan Argungu. Faɗuwar Birnin Kebbi a 1805, ɗaya a gidansu nasara ake kiranta, ɗaya kuwa rashin gari. Tashin Yakubu Nabame a 1849, wani ya ce tawaye, wani ya ce ƙwato 'yanci. Shi ya sa wasu malamai ke bi ta kai da sauri. Amma labarin da aka ƙi faɗa a aji, a zaure ake jin sa, kuma ɓangare ɗaya kawai ake ji. Kakanninmu da suka ga yaƙin ma sun zauna tare, har Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a 1934 aka yi masa bikin kamun kifi.

Roƙona ga malamanmu shi ne a ware darasi ɗaya a mako, a karanta waƙa ɗaya cikakkiya, ba baiti biyu na jarrabawa ba, a bar mu mu yi muhawara a kanta. A kai mu gidan tarihi na Kanta a Argungu, in mun dawo kowa ya rubuta gajeren labari da bakin mutumin wancan ɓangaren da ba nasa ba. Iyaye kuma a gayyace su ranar da za a karanta. Na riga na gaya wa kakana, ya ce zai zo in an ba shi kujera a gaba.