Zinariyar Anka da Bukkuyum: Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Ɗaukar Cuta?

Tun daga watan Disamba na 2024, lokacin da Ministan Ma'adinai Dele Alake ya ba da sanarwar ɗage takunkumin da Gwamnatin Tarayya ta sa wa haƙar ma'adinai a Zamfara tun Afrilun 2019, magana guda ce ta cika bakin mahukunta da 'yan boko, watau a daidaita tsakanin dukiyar da ke ƙarƙashin ƙasa da lafiyar mutanen da ke bisa kanta, kowane ɓangare ya sassauta, domin wai babu ci gaban da ba ya zuwa da 'yar cuta. Magana ce mai kama da ta dattawa, amma ni a ganina ɓata ce, saboda mizani ba ya zama na adalci sai idan wanda zai ci ribar shi ne zai ɗauki hasarar, alhali kuwa daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, zinariya tana fita zuwa kasuwannin da mutanen nan ba su taɓa gani ba, gubar kuwa tana zama a tsakar gidajensu.

Mai shakka ya tuna da 2010. Da farashin zinariya ya hau a duniya, manoman Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da Tungar Guru suka riƙa kwaso duwatsu daga ramuka zuwa cikin gari, a niƙa su a injin niƙan hatsi, mata su daka a turmi, ba tare da sanin cewa dutsen cike yake da dalma ba. Ƙurar ta sauka a ɗakuna da rijiyoyi da kan abinci, yaro mai rarrafe ya shafo ya kai baki, sai jijjiga, sai makanta, sai jana'iza. A watan Maris na shekarar likitocin ƙungiyar MSF suka gano al'amarin, aka ƙididdige yara fiye da 400 da suka rasu, Allah ya jiƙan su, ban da dubban da suka rayu, waɗanda da yawansu gubar ta taɓa ƙwaƙwalwarsu taɓawar da ba ta warkewa.

An ce jahilcin talaka ne ya jawo, a kawo manyan kamfanoni sai matsala ta ƙare. To, jahilcin wa ya sa Bagega, ita ma ɗaya daga cikin ƙauyukan da gubar ta shafa, ta yi ta jira har 2013 kafin a kankare ƙasarta mai guba, bayan an yi alkawarin kuɗin aikin tun Mayun 2012, ba a sake su ba sai a Janairun 2013, shi ma bayan matasa sun yi ta kururuwa a kai? Likitoci sun faɗa cewa ba amfanin ba yaro maganin fitar da dalma matuƙar zai koma ya kwana a kan wannan ƙasa, saboda haka kowane wata na jinkiri a Abuja ya faɗa ne a kan jinin yaran Bagega, masu jinkirin kuma malamai ne masu takardun shaida.

Wannan ɗabi'a ta fifita dukiya a kan rayukan mutane tsohuwa ce. Da Turawa suka gano kwal a Udi a 1909, sai suka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, suka shimfiɗa dogo domin fitar da shi, aka kira wannan ci gaba, ga shi kuwa a 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙan kwal na ramin Iva su 21 a Inugu don sun nemi haƙƙinsu.

Fuƙaha'unmu sun daɗe da warware mas'alar, da suka kafa ƙa'idar cewa tunkuɗe ɓarna shi ke gaba da jawo maslaha, kuma a mazhabar Malikiyya al'amarin ma'adini yana hannun shugaba ne a matsayin amana, ya sarrafa shi don amfanin jama'a; wanda aka ba amana kuwa ba shi da izinin ya sayar da lafiyar waɗanda ya riƙe dominsu. Dokar ma'adinai ta 2007 ma ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin kafin ya fara aiki. Abin da nake nema shi ne a karanta wannan yarjejeniya da Hausa a bainar jama'a, a gaban hakimi da liman da iyayen yara, kuma su sami ikon cewa a'a. A ajiye kuɗin gyaran ƙasa tun kafin a sari dutse na farko. A fitar da niƙa bayan gari, a yi ta da ruwa don kashe ƙura, a kuma hana wankin ya gangara Gulbin Zamfara inda mutanen Gummi ke sha da noman rani. MSF ta miƙa aikin jinyar ga gwamnatin jiha a 2022, don haka auna jinin yaran waɗannan ƙauyuka yanzu wajibi ne a wuyan Gusau, kuma ya kamata a bayyana sakamakon kowace shekara kafin a sabunta lasisin kowa.